Za mu ɗauki nauyin kacici-kacicin Sallah a talabijin: ina iyakar mai kuɗi?

Tambaya: Baba, barka da hutawa. Ina aiki a sashen talla na wani kamfanin sarrafa shinkafa a nan Sakkwato. Wani gidan talabijin ya kawo mana tayin ɗaukar nauyin fitowa ta musamman ta tsohon shirinsu na kacici-kacicin makarantun sakandare, wadda za a nuna da Ƙaramar Sallah. Alhaji mai kamfanin ya amince, amma da sharuɗɗa: a cika ɗakin da tambarinmu, a sa tambayoyi a kan shinkafarmu, makarantar da yake tallafa wa ta shiga, a kawo masa tambayoyin ya duba kafin a ɗauka, sannan masu kallo a gida su riƙa tura saƙon waya na kuɗi don cin kyauta. Me ya dace a ciki, me bai dace ba? Kuma kuɗin zai biya?

Amsa: Ɗiyata, Allah ya yi albarka. Kin kyauta da kika tambaya tun ba a sa hannu a takarda ba, don galibi sai an ɗauki shiri, an nuna, iyaye sun fara zuwa ƙofar gidan talabijin da ƙorafi, sannan ake tuna da irinmu. Na yi shekara talatin da 'yan kai a sashen shirye-shirye, kuma kacici-kacicin makarantu na cikin abin da na fi daɗewa a kansa, tun ina mai rubuta maki a gefe har na zama mai shirya shi.

Ku ɗauki nauyin, wannan ba na ko tantama. Tambari ku sa har inda ido zai iya ɗauka. Makarantar da Alhaji ke tallafa wa ta shiga, muddin ta biyo ƙofar da kowa ya bi. Tambaya a kan shinkafa tana da hanyarta, zan zo kanta. Saƙon waya na kuɗi ku bar shi. Amma kai wa Alhaji tambayoyi kafin ranar ɗauka, wannan kada ki yarda, ko da a kansa cinikin zai watse.

Ki fara tambayar kanki abin da kuke saye. Da fili kawai kuke so, da sai ku sayi daƙiƙa talatin-talatin a tsakiyar labarai, ya fi araha. To amma kin san abin da mutane ke yi in talla ta shigo: wannan ya tashi alwala, waccan ta leƙa tukunya. Kacici-kacici ba haka yake ba. Mai kallo ba ya zama shiru, yana amsawa da baki tun yaron bai buɗe nasa ba, uba na gwada 'ya'yansa, 'ya'ya na jiran su ga uban ya kuskure. Tsohon shiri kuma yana da abin da sabo bai da shi. A garin nan akwai malamai da likitoci da 'yan kasuwa da suka zauna kan waɗannan kujeru suna yara. Akwai shugaban makarantar da har yau kofin ke ajiye a kan kabad ɗin ofishinsa. Dukansu sun yarda da abu guda, cewa yaron da ya ci, sani ya yi. Wannan yardar ita ce hajar da gidan talabijin ya kawo muku, kuma aro zai ba ku. Shekara da shekaru aka yi ana tara ta. Sunan shinkafarku zai zauna kusa da ita na awa guda, ya shafi ƙanshinta kamar wanda ya zauna shagon mai turare. In kuka taɓa tambayoyin, abin da kuka biya kuɗi dominsa ne kuka fasa da hannunku.

An sha wannan darasi da tsada a Amurka, kuma duk wanda ya koyi aikinmu da kyau an ba shi labarin. A shekarun 1950 kamfani ɗaya ke ɗaukar nauyin shiri sukutum, sunansa a bango, wakilinsa a ɗakin taro, maganarsa ita ce ta ƙarshe. A 1955 tashar CBS ta fara The $64,000 Question da kuɗin kamfanin kayan kwalliya na Revlon. Shirin ya karɓu ƙwarai, kayan kamfanin suka yi ta tafiya a kasuwa. Ganin haka tashar NBC ta fito da Twenty-One a 1956, masu wani maganin ƙarin jini mai suna Geritol ke biya. Fitowar farko an yi ta tsakani da Allah, sai 'yan takarar suka yi ta faɗuwa, shirin ya yi lami. Dan Enright, mai shirya shi, ya faɗa da bakinsa daga baya cewa washegari mai ɗaukar nauyin ya kira ya ce kada ya ƙara ganin irin wannan. Ki lura da kyau, armashi mutumin ya nema. Amma daga nan aka fara ba 'yan takara amsa a ɓoye, ana koya musu inda za su yi jim, da inda za su share gumi don mai kallo ya zaci suna wahala.

Akwai wani Herb Stempel da ya yi makonni yana ci. A watan Disamba na 1956 aka umarce shi ya faɗi wata tambayar da ya san amsarta sarai, don a ɗora Charles Van Doren, matashin malami a Jami'ar Columbia, ɗan gidan ilimi, mai kyan gani a hoto. Van Doren ya tara dala 129,000, hotonsa ya hau bangon mujallar Time. Stempel ya yi ta faɗa ba mai saurare, sai a 1958 da wani ɗan takara a wani shirin mai suna Dotto ya tsinci littafin rubutun wata 'yar takara da amsoshin a ciki. Nan asiri ya tonu. A Nuwamban 1959 Van Doren ya amsa laifinsa a gaban kwamitin majalisar wakilai, ya rasa aikinsa na jami'a da na NBC. A 1960 majalisa ta yi dokar da ta mai da maguɗi a irin wannan gasa laifi. Manyan shirye-shiryen kacici-kacici suka ɓace daga filin dare na shekaru, tashoshi kuma suka karɓe ragamar shirye-shirye daga hannun kamfanoni.

Abin da ya fi dacewa da maganarmu a labarin shi ne na shirin Revlon. Masu shirya shi sun ba da shaidar cewa a taron mako-mako kamfanin kan nuna wanda yake so ya daɗe da wanda yake so ya tafi, ko da yake kamfanin ya musanta cewa ya san da maguɗi. Wata mata, Joyce Brothers, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta zaɓi fannin dambe. Aka yi ta tsananta mata tambayoyi don ta faɗi, ita kuwa ta riga ta haddace littattafan, ta ƙi faɗuwa har ta cinye dala 64,000 ɗin. Ke nan ba sai an ba wani amsa ake maguɗi ba. Wanda ke da ikon cewa "wannan ta yi tsauri, a cire ta" ko "wannan a bar wa zagayen ƙarshe" ya riga ya sa hannu a sakamako, ko da zuciyarsa fari fat take.

Ban san Alhajinku ba, kuma ba ni da dalilin zarginsa. Na fi kyautata zaton tsoronsa kada a yi wata tambayar da za ta kunyata kamfanin. Amma ki bi takardar da ido. Daga gidan talabijin za a ba ɗan aike, ɗan aike ya ba sakatare, ta kwana a kan tebur, direba ya mayar. Yau ko'ina akwai waya mai kyamara, ɗaukar hoton shafi biyu ba ya cin daƙiƙa biyar. Ga kuma makarantar da yake tallafa wa a cikin gasar. A ce ba wanda ya buɗe takardar, a ce yaran sun yi karatu dare da rana sun ci da guminsu. Wa zai yarda? Sakkwato gari ne da magana ba ta kwana. Kafin la'asar ta washegari an faɗa a Mabera, an faɗa a Runjin Sambo, an faɗa a majalisar masu shayi cewa an ba su amsa. Yaran nan su za a fi zalunta, domin an ƙwace musu abin da suka yi wahala a kai, kuma ba su da hanyar wanke kansu. Ta wannan ƙofar za ki shiga wa Alhaji. Ki ce masa rashin ganin tambayoyin kariya ce ga yaransa da sunansa.

In ya ce ai kuɗinsa ne, ki ba shi labarin kamfanin kwamfuta na IBM. A Fabrairun 2011 tsohon shirin nan na Amurka, Jeopardy, wanda aka fara tun 1964, ya yi fitowa ta musamman ta dare uku, inda kwamfutar IBM mai suna Watson ta kara da gwanayen shirin biyu, Ken Jennings da Brad Rutter. A cibiyar binciken kamfanin da ke jihar New York aka ɗauka, sunansa a ko'ina, tallar da ta fi wannan ba a yi ba. Duk da haka kamfanin bai ga tambayoyin ba. Wani ɓangare na uku ne ya zaɓo su da ƙuri'a daga cikin waɗanda marubutan shirin suka riga suka rubuta ba a taɓa nunawa ba. Watson ta ci dala miliyan 1, aka ba da ita sadaka. Da an ji ƙishin-ƙishin cewa IBM ta leƙa takarda, da duk abin da suka kashe ya bi ruwa, kuma sun san haka.

Yadda muke yi a nan ba shi da wuya. A samo malamai uku da ba sa koyarwa a makarantun da ke gasar, su rubuta tambayoyi ninki biyu ko uku na abin da ake bukata. Mutum ɗaya ya tace, ya zuba su a ambulan-ambulan masu tsaurin tambayoyi daidai, ya liƙe, ya sa hannu a kan bakin. Ranar ɗauka wakilan makarantu su zaɓi ambulan a gaban kyamara. 'Ya'yan ma'aikatan kamfaninku da na gidan talabijin ba sa shiga. Abin da Alhaji ke da haƙƙin gani kuwa yana da yawa: fannonin da za a taɓa, jerin yadda shirin zai gudana minti bayan minti, kalmomin da mai gabatarwa zai faɗa game da kamfanin, da inda tambari zai zauna. Yana ma iya cewa kada a shiga siyasa ko saɓanin malamai, a rubuta a yarjejeniya. Wannan zai kashe masa tsoron da nake zato yana da shi.

Tunda mun zo kan tambayoyi, bari in ɗan tsaya, don nan ne rigima ta fi tashi ko da ba mai kuɗi a ciki. Shirin Sallah a Sakkwato dole ya taɓa tarihin Daular Usmaniyya, kuma nan tarko yake. A tambayi ɗalibai inda aka haifi Shehu Usmanu, da yawa za su ce Degel, alhali a Maratta aka haife shi a 1754, Degel can ya tashi, kuma daga can ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. A tambayi inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wani zai ce Hubbare, alhali yana Wurno. A ce "wace shekara Shehu ya rasu", ɗalibin boko ya ce 1817, wanda ya yi islamiyya ya ce 1232, kuma dukansu sun yi daidai. A ce "yaushe aka ƙirƙiri jiharmu", wani ya ce 1967 yana nufin Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, wani ya ce 1976 yana nufin Jihar Sakkwato, wadda aka cire Kebbi daga cikinta a 1991 da Zamfara a 1996. Kowace tambaya a rubuta ta yadda ƙofa ɗaya kawai take da ita, a rubuta littafin da aka samo amsar a ƙasanta, kuma a zaunar da alƙali mai ilimi wanda maganarsa ke yanke gardama nan take. Mai gabatarwa kada ya zama alƙali. Ma'aikacin kamfaninku kuma kada ya zauna a teburin alƙalai, ko da don ado ne.

Batun tambaya a kan shinkafarku. In aka tambayi yaro "wace shinkafa ce ta fi daɗi a Arewa" aka ba shi maki don ya ambaci sunanku, an mai da shi ɗan talla ba da saninsa ba, kuma mai kallo zai ji ƙyamar abin. Amma shinkafa kanta ilimi ce, kuma tamu ce. Ku nemi zagaye guda a kan noma da abinci, a kira shi da sunan kamfanin. A tambayi kogin da aka datse a Goronyo, su ce Rima. A tambayi dalilin da ya sa shinkafar da aka turara kafin a casa ba ta cika karyewa a inji ba, da sinadarin da turarawar ke tsare mata. A ba su lissafi: manomi ya kawo buhu kaza na shanshera, in kashi kaza cikin ɗari ke fita tsaba, kilo nawa zai samu. A tambayi abin da ake nufi da Faro 44, su ce irin shinkafa ne. Yaron da ubansa ke noma a fadamar Wurno ko Kware zai ji an zo gidansu, wanda ya tashi cikin gari zai koyi abu. Minti goma ana maganar sana'arku cikin mutunci, tambarinku a bayan yaran, ba wanda ya ce a saya. Malaman nan uku ne za su rubuta waɗannan ma, ku dai ku ba su fannin.

Ki dubi yadda MTN ta ci moriyar Who Wants to Be a Millionaire a ƙasar nan. Shirin asalinsa na Ingila ne, an fara shi a 1998, na Najeriya ya fara a 2004 da Frank Edoho a kujerar mai gabatarwa. Tambayoyi goma sha biyar, taimako uku, kyauta mafi girma ta kai naira miliyan 10, wadda Aroma Ufodike ya fara cinyewa a 2009. Sukan yi fitowa ta musamman ta yara, da ta taimakon mabukata inda sanannun mutane ke amsawa a madadinsu. Shekara goma sha uku ana yi, har ya zama in an tuna shirin sai an tuna ruwan ɗorawar kamfanin. Sun samu wannan ne da daɗewa, da kuma barin wasan ya zama wasa. A fitowar musamman baƙi ke sauyawa da inda kuɗin zai je, dokar wasan tana nan yadda aka san ta. Ku ma kada ku nemi a sake wa tsohon shiri kama don Sallah. Kiɗan buɗewa, ƙararrawar lokaci, yadda mai gabatarwa ke sallama, duk a bar su. Tsofaffin masu kallo su suke zuwa ji.

Akwai wani darasin a labarin MTN. Da kamfanin ya janye a 2017 shirin ya tsaya cak, sai a 2022 ya dawo da wani mai ɗaukar nauyin da kyautar miliyan 20. Wannan ya shafi tambayarki ta ko kuɗin zai biya. Fitowa ɗaya tilo ba za ta kwashe buhunan da ke sito ba, kada ki yi wa Alhaji wannan alkawari. Abin da za ta yi shi ne ta sa sunanku a bakin iyaye da malamai a matsayin mutanen da suka tsaya wa karatun yara. Wannan yana daɗewa, amma sai an maimaita. Gara ku yi madaidaicin shiri Sallah uku a jere da ku zuba komai a ɗaya ku ɓace. Ki nemi a rubuta cewa ku ke da haƙƙin farko a Sallar baɗi kafin a kai wa wani tayin.

Yanzu kyauta, kuma nan ina da tabo. Shekarun baya wani ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin zagayen ƙarshe, ya yi alkawarin keke ga yaron da ya fi kowa maki. Aka kawo keken, aka ɗaura masa kyalle, yaron ya riƙe aka ɗauki hoto. Da aka kashe fitilu sai yaran shagon suka ce wannan na nuni ne, nasa zai zo mako mai zuwa. Ni na yarda, ban tsaya na hana ba. Uban yaron, dattijo daga wani ƙauye, ya yi ta zuwa ofishina ranar kasuwa bayan ranar kasuwa. Rannan ya ce mini: "Malam, ni ba keken ad damuwata ba. Yaron ga an gwada shi ga talabijin yana riƙe da shi, duk gari an gani, yanzu cewa akai ni nis sai da shi nic ci kuɗɗin." Daga ƙarshe mu ma'aikata muka yi karo-karo muka saya. Tun daga ranar ban ƙara kunna kyamara ba sai kyauta tana cikin ɗakin, kuma wanda ya ci da ita zai fita. Ku ma haka za ku yi. In kuɗin karatu ne, a biya makarantar kai tsaye a ba uba rasit. In kwamfuta ce, a haɗa da abin cajinta na hasken rana, don kin san halin wutarmu. Buhun shinkafa kuwa kowane yaro da ya zauna a kujerar ya tafi gida da shi, da malamin da ya rako su. Wanda aka fitar a zagayen farko ma gidansu na kallo, kuma Sallah ce.

Ki kuma roƙi mai gabatarwa da mai tace hoto su tausaya wa wanda ya faɗi. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta ruɗe a gaban fitila ta ba da amsar da ba ita ba, in aka yanko wurin aka watsa a TikTok don dariya, za ta daɗe ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba, kuma shugabar makarantarsu ba za ta ƙara kawo ɗalibai ba. Samun makarantun 'yan mata su shigo irin wannan shiri ba ƙaramin aiki muka sha a kansa ba. Kowane yaro a karɓi takardar amincewar mahaifinsa ko waliyyinsa, a faɗa a ciki cewa hoton zai hau intanet.

Saƙon waya na kuɗi. Na san dalilin da ya sa masu talla ke son sa, yana mayar da wani abu daga abin da aka kashe. Amma ki kwatanta: dubban mutane kowa ya biya, aka haɗa, aka ba mutum ɗaya, sauran suka tashi a tutar babu. Malaman da na zauna da su a kan wannan ba su yi jinkiri ba wajen kiransa caca. Abin da suka halatta shi ne kyautar da ta fito daga aljihun wani na gefe, ɗan takara bai zuba komai ba. Misalin yana gabanmu. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke shiryawa tun 1986, gwamnatoci da masu hali ke ba da kyaututtukanta, mai karatu ba ya sa kuɗi don a haɗa a ba wanda ya ci. Kamfanin abinci, a Sakkwato, da Sallah, a shirin yara, bai kamata a ji sunansa kusa da kalmar caca ba, huɗuba ɗaya ta Juma'a ta isa ta rushe muku aikin shekara. Ga kuma hukuma, don duk garaɓasar da ke da ƙuri'a a ciki tana bukatar izini. In kuna son masu kallo su shiga, a ba da tambaya ɗaya a ƙarshen shiri, a amsa kyauta a shafin gidan talabijin na Facebook ko ta lambar WhatsApp, a zaɓi masu nasara a gaban shaidu.

Ta fuskar doka abin da ya kamata ki riƙe kaɗan ne. Hukumar NBC ta Najeriya, mai kula da gidajen rediyo da talabijin, gidan da ke riƙe da lasisi take kamawa a kan duk abin da ya fita a iska, don haka gidan talabijin da ya san aikinsa ba zai miƙa muku ragamar abin da ke cikin shiri ba, kuma in ya miƙa cikin sauƙi ki yi hattara da shi. Tallar da za a sa a tsakani sai ta bi ta hannun ARCON, hukumar kula da tallace-tallace, an tantance ta, kuma tunda abinci ne a buhu, NAFDAC ma tana da ta cewa. Ku fara neman waɗannan da wuri, ba sa fitowa cikin kwana biyu.

Kada shirin ya tafi kai tsaye, a naɗe shi. Kuma in da hali a naɗe kafin azumi ya kama. Ɗakin ɗauka in an kunna fitilu zafinsa ya isa, balle a zafin garin nan, yaro mai azumi ba zai ba da abin da ke kansa ba. In dole sai cikin azumi, to bayan tarawihi, da mota mai mayar da yara gida. Ki tambayi wanda zai sayi man janareto, ki ga an rubuta, don a kan wannan kaɗai na ga an tashi ɗauka a tsakiya. Lokacin nunawa kuma kada ki karɓi ranar Sallah da rana. Mutane na idi, na gaisuwa, na yawon zumunta, ba mai zama. Bayan isha'i ran Sallah ko washegari ya fi, da maimaici sau biyu cikin makon. Ki sa a yarjejeniya cewa za a ba ku kwafi mai kyau da izinin yanka gajerun bidiyo, domin a yau da yawa a waya za su gani, musamman iyayen yaran da ke ƙananan hukumomi irin su Illela da Tambuwal, su kuwa za su yi ta turawa dangi. Wajen rabon kuɗin, ni dai ra'ayina kada kuɗin fili da ado su cinye komai a bar kyauta ta zama abin kunya. In an matsu, a rage fenti da allunan bango, a ƙara wa yara.

Alhaji kuma a ba shi wurinsa. Ya zo ranar ɗauka, ya zauna sahun gaba, ya yi jawabin minti biyu, ya miƙa kofi da hannunsa. Ki gaya masa shi ma a lokacin zai fara jin tambayoyin tare da kowa, kuma ki sa mai gabatarwa ya faɗi haka a fili tun farkon shiri, cewa kamfanin da ya ɗauki nauyi bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. In makarantarsa ta ci bayan wannan, zai iya tashi ya rungumi yaran a gaban kyamara ba tare da kowa ya yi gunaguni ba.

Kafin ki koma wurinsa, ki nemi gidan talabijin su ba ki tsohuwar fitowa ɗaya ko biyu ku kalla tare a ofis, ya ga abin da zai sa sunansa a kai. In kun rubuta daftarin yarjejeniyar ki turo mini in duba, musamman sashen kyauta da na wanda ke riƙe da ambulan. Ki gaida mutanen gida.